Na je gonar inabin Moscatel a tsaunukan Malaga, ga ra'ayina kan ziyarar da zabibinsu

Assalamu alaikum jama'a. Bari in fara da hukunci tun da na san ba kowa zai kai ƙarshe ba: ziyarar ta ci kuɗinta, zabibin kuma ya fi ziyarar ma cin kuɗinsa, amma fa da sharaɗi biyu, na farko kaje tsakanin tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba lokacin da ake yanka ana shanya, na biyu gwiwarka ta kasance lafiya lau domin hawa ne ba na wasa ba. In kaje a Janairu ko Fabrairu kututture kawai zaka tarar ba ganye ba 'ya'ya, sai dai in aikin datse rassa kake son gani, wanda shi ma ga manomi darasi ne babba.

Wajen yana yankin da suke kira Axarquia, gabas da birnin Malaga a kudancin Sifaniya, ƙauyuka ne farare a maƙale jikin tsauni irin su El Borge da Almachar da Moclinejo da Iznate da Cutar, babban garinsu Velez-Malaga. Gonar da muka je ta wasu iyali ce, ba kamfani bane, dattijo da matarsa da ɗansu wanda shi ne yake amsa saƙo a WhatsApp yana tsara masu zuwa, kuma gaskiya yana amsawa da wuri, duk abin da na tambaya ya ban amsa kafin mu biya ko sisi. Daga Malaga a mota tafiyar bata kai awa ɗaya ba, amma da ka bar babban titin bakin teku ka fara hawa sai kwana-kwana, hanya siririya, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, wanda mota ke sa wa amai ya nemi kujerar gaba. Bas yana zuwa ƙauyukan amma ba akai-akai ba, ranar Lahadi ma abin ya fi wuya, kuma daga ƙauyen zuwa gonar akwai sauran tafiya a turbar ƙasa, don haka in baku da mota ku haɗa kuɗi ku ɗauki haya kawai.

Toh yanzu inabin kansa, wanda shi ne ya kai ni. Sunansa Moscatel de Alejandria, wato Muskat na Iskandariyya, a Afirka ta Kudu Hanepoot suke ce masa, a tsibirin Pantelleria na Italiya kuma Zibibbo, duk abu ɗaya ne. 'Ya'yansa manya ne masu ɗan tsawo, ba zagayayyu ba, launinsu kore mai shigen ruwan ɗorawa, wanda rana ta fi duka kuma sai ya koma ruwan zuma da ɗigo-ɗigon ja a jiki, kuma dattijon yace wannan mai ɗigon shi zaka nema, 'yan birni suna gudunsa wai ya lalace alhali shi ne ya nuna sosai. Nonon baya matsewa, 'ya'yan a sake suke iska tana ratsawa. Ya yanko mana ɗaya da 'yar wuƙarsa mai lanƙwasa, inabin da ɗumi a hannu saboda rana, yace kar mu haɗiye da sauri, mu fasa da haƙori mu tsotse ruwan sannan mu ci gaba da tauna fatar ita kaɗai. Wallahi a nan abin yake. Ruwan zaƙi ne kawai mai nauyi, amma da ka tauna fatar sai ƙamshi ya taso maka ta cikin hanci, ƙamshin furen lemo da wardi da ɗan zuma, kuma baya gushewa da wuri, muna ta hawan gangare ina jinsa a bakina. Na sha cin inabi a rayuwata, na kanti mara ƙwallo da ja da baƙi duk na ci, yawancinsu ruwa ne da suga, sanyi ne yake taimakonsu, wannan kuwa da zafinsa ma ya fi bayyana kansa. Yana da ƙwallo, biyu ko uku a kowace ƙwaya, fatar kuma da ɗan kauri, duk wanda ya saba da mara ƙwallo zai ɗan yi ƙorafi da farko amma ni ban ɗauke shi aibu ba.

Ƙamshin nan ba turare aka fesa ba, sinadarai ne da itacen yake haɗawa da kansa, manyan su ne linalol da jeraniyol da nerol, kuma yawancinsu a fatar suke taruwa shi ya sa dattijon ya nace a tauna ta. Jeraniyol shi ne dai wanda yake cikin furen wardi da ciyawar lemun giras da muke jefawa a shayi, linalol kuma akwai shi a ɗoɗɗoya da furen lemo, kaga ba mamaki hancinmu ya gane shi nan take. Yawancin irin inabin da ake nomawa a duniya suna da waɗannan sinadarai ɗan kaɗan ne, wanda hanci baya kamawa, dangin Muskat su ne suke da shi da yawa, kuma dangi ne babba, akwai iri sama da 200 masu ɗauke da sunan ko da yake ba duka ne 'yan uwa na jini ba. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna shi wannan na Iskandariyya ɗa ne ga Muskat fari mai ƙananan 'ya'ya, shi kuma ya haifi Muskat na Hamburg wanda yake baƙi, ya kuma haifi Torrontes na ƙasar Ajantina. Abin da ya sa manoma suke riƙe da shi tun zamanin da shi ne hanya uku yake da ita, a ci shi ɗanye, a shanya shi ya zama zabibi, masu yin giya kuma su matse shi, kuma giyar Malaga mai zaƙi da Turawa suke yabo da shi ake yin wani kaso nata, haka giyar pisko ta Chile da Peru. Zan dawo kan maganar giyar a ƙasa domin ta shafi yadda ziyarar take.

Abin da yafi burge ni, kuma shi ne nake ganin asalin darajar ziyarar, shi ne yadda suke nomansa. Ni ɗan manomi ne, na tashi na ga ana ɗora inabi a kan waya da ƙarafa ana ba shi ruwa da tiyo, to a nan babu ko ɗaya. Kowace kuranga a tsaye take ita kaɗai, gajeriya, bata wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, kututture baƙi a murɗe da hannuwa uku ko huɗu, rassan su zubo ƙasa ganyen ya yi wa 'ya'yan inuwa. Ƙasar kuwa in ka ganta zakace ba abin da zai fito, dutse ne mai ɓarewa fale-fale, ka taka ya zame, ga gangaren da tarakta bata isa ta hau ba, komai da hannu ake yi da fartanya, kayan kuma a ka ko a bayan alfadari. Ba ban ruwa sam. Ruwan samansu a lokacin sanyi yake zuwa, wajen milimita 500 a shekara in an dace, daga Yuni zuwa Satumba kuwa ƙaf, to saiwar ce take bin tsagar dutsen tana nutsawa ƙasa neman danshi, su kuma a lokacin sanyi sai su haƙa ɗan gurbi a gindin kowace kuranga ta wajen gangaren yadda in ruwa ya gangaro zai tsaya ya nutse a nan maimakon ya wuce da ƙasar, in zafi ya kusa kuma su tara ƙasa su rufe gindin danshin ya zauna. Dattijon ya durƙusa ya tona da hannunsa ya nuna mana, sama a bushe ƙurmus, ƙasa kaɗan kuma da sanyi-sanyi. Wajen datsa ma basa tausaya mata, kowane reshe ido biyu kawai ake bari, yace in ka bar mata da yawa zata baka kaya da yawa amma ruwa ne zaka kwasa, zaƙin da ƙamshin su tsinke, kuma shekara mai zuwa ta rama a kanka. Ni na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, domin itacen da aka takura wa ruwa 'ya'yansa basa kumbura da yawa, fata tafi yawa a kan ruwa, ƙamshin kuma a fatar yake.

Amma kar wani ya ɗauka iri ne mara laulayi. Yana jure fari da zafi, hasali ma sai da zafin yake nuna domin yana cikin masu jinkirin nuna, amma funfuna tana sonsa, musamman farar nan mai kama ganye da 'ya'ya tabar su da toka-toka har ƙwayar ta tsage, maganinta farar wuta suke barbaɗawa da sassafe kafin rana ta yi zafi don kar ta ƙona ganyen, ɗayar kuma mai zuwa da danshi da maganin jan ƙarfe ake tarar ta. In sanyi ko iska mai ƙarfi ta same shi yana fure, furen ya zube nonon ya fito da giɓi-giɓi. Sannan ga rina da zuma da tsuntsaye, ƙamshin da ya jawo mu shi yake jawo su, duk inda aka ajiye akwatin inabi sai kaga sun taru, wanda jikinsa baya ɗaukar harbi ya kula da wannan da gaske.

Ɗan nasu ya ɗan taɓo tarihi muna hutawa a gindin zaitun, bai tsawaita ba kuma hakan ya min daɗi. Tun zamanin Musulman Andalus ake shanya inabi a waɗannan tsaunuka, mulkinsu ya kai har zuwa 1487 da Velez da Malaga suka faɗa hannun sarakunan Kastila, kuma Ibn Battuta da ya ratsa Malaga wajen 1350 ya yi mamakin arahar inabi a kasuwarta, shi ɗin dai da bayan 'yan shekaru ya tsallaka Sahara yaje Mali ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yanzu. A ƙarni na 19 zabibin Malaga har Ingila da Amurka ake lodinsa a jirgin ruwa, gonakin inabin lardin sun haura hekta 100,000, sai ga wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka, a 1878 aka fara ganinsa a wata gona a Moclinejo, cikin 'yan shekaru ya cinye kusan komai, mutane suka watse wasu birni wasu Kudancin Amurka. Abin da ya ceci noman shi ne aure, a dasa saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron baya iya kashewa a aura mata reshen Moscatel a sama, har yau haka ake yi, dattijon ya nuna mana kumburin wajen haɗin a gindin wata kuranga. A 2017 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sa noman zabibin Axarquia cikin jerin tsarin noman gado masu muhimmanci ga duniya, suna cikin na farko a Turai.

Daga nan aka kai mu wajen shanya, paseros suke ce musu, kuma in hoto ka zo ɗauka nan ne wajen. A gaban gidan gona, a jikin gangare mai kallon kudu, an zana dogayen fegi da ɗan gini fari a gefe da gefe, sama da ƙasa akwai wani ɗan bango mai tsini, an gitta ƙarfe ko sanda a tsakiya. Kusan irin shanyar tattasai da tumatirinmu ce, sai dai su a karkace take don rana ta doke ta gaba da gaba tun safe har yamma, kuma da magariba sai a ja tamfol a kan sandar nan a rufe saboda raɓa, da safe a buɗe, in hadari ya haɗu ko tsakar dare ne sai an tashi an rufe, domin ruwa ɗaya ya isa ya ɓata wahalar shekara. Ana jera nonon ɗaya bayan ɗaya da hannu, ɓangaren da yafi kyau yana kallon ƙasa, bayan kamar mako ɗaya zuwa kwana goma a juya su, gaba ɗaya mako biyu zuwa uku gwargwadon rana. A fegi ɗaya zaka ga launi kala-kala, na jiya kore, na makon jiya ja-ja, wanda ya kusa kwasa baƙi mai shuɗi-shuɗi, ga wani ƙamshi mai ɗumi da yake tashi daga ƙasan. Kilo uku na ɗanye ko fiye shi ke bada kilo ɗaya na busasshe. Ba a tsoma shi a komai, ba a turara shi da komai, rana ce kawai.

Sai aikin da ya sa na daina ganin tsadarsa. A ƙarƙashin rumfa matar gidan tana zaune da wata 'yar uwarta, kowacce da faffaɗan tire na katako a cinya da ɗan almakashi mai tsini, suna cire zabibin daga jikin nono ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙwaya a bar mata ɗan guntun tsinkenta don kar ta buɗe zumar ta tsiyaye, manya gefe ɗaya, matsakaita gefe ɗaya, wanda rina ta huda a jefa a bokiti. Hannunta yana tafiya idonta yana kanmu tana hira, yatsun duk sun yi baƙi da danƙo. Ta miƙa min almakashin in gwada, ta riƙe min nonon ta nuna min inda ake sa bakin. Nonon da ya fito da kyau kuma basa cire shi, haka ake gyara shi a shimfiɗa a kwali da farar takarda, shi yafi tsada, shi ake kai wa kyauta lokacin Kirsimeti. Allah sarki, tun safe suke zaune a wajen nan kuma haka zasu yi ta yi har kaka ta wuce.

Yanzu maganar ɗanɗano da giya, don na san ita ce tambayar da yawancinmu zasu yi. Tsarin ziyarar a yadda suka saba yana ƙarewa ne da ɗanɗana giyar da suke yi a gida, haka kusan duk gonakin yankin suke. Ni tun a WhatsApp na faɗa musu mu Musulmi ne bama sha, bama cin alade, kuma alhamdulillahi ba wani kallon banza ko tambayar ƙure, suka ware mana tebur daban a inuwa, suka kawo ruwan inabin da aka matse a safiyar da ƙanƙara, da cuku na akuya da almon da busasshen ɓaure da burodi da man zaitun. Amma ga gargaɗi ku riƙe shi da kyau: kalmar mosto a yawancin Sifaniya ruwan inabi take nufi mara maye, amma a ƙauyukan Andalusiya ana kiran sabuwar giyar da ta riga ta tsimu da wannan sunan, don haka kar ka tsaya a sunan, ka ce sin alcohol, wato mara maye, ka kuma tambaya yaushe aka matse, domin ruwan inabi mai zaƙi irin wannan a zafin Agusta baya daɗewa yake fara juyawa da kansa. Wanda kuma zuciyarsa bata natsu da zuwa wajen da ake matsa giya ba sam, ya nemi gonar da zabibi kaɗai take yi, akwai su, ko yaje gidan tarihin zabibi da yake Almachar, ko bikin ranar zabibi da El Borge suke yi a Satumba.

Sun kuma bamu ajoblanco, wata farar miya mai sanyi ta almon da tafarnuwa da burodi da man zaitun, a jefa ƙwayoyin Moscatel a ciki. Cokali na farko baƙo ne a baki, amma in ka haɗa da inabin, gishiri da tafarnuwa da zaƙi suka gamu, sai kaji ta zauna. Ana sa mata ɗan binega, mai shakka ya tambaya. Almachar ma biki guda suke mata a Asabar ɗin farko ta Satumba.

Abubuwan da basu min ba, zan faɗa tsakani da Allah. An ce mana ƙarfe tara, ba a fara ba sai wajen goma saboda jiran wasu baƙi da suka ɓata a hanya, kuma awa ɗaya a Agustan Malaga ba ƙaramin abu bane, hawan da ya kamata mu yi da sanyin safiya sai muka yi shi rana ta take, wata mata a cikinmu sai da ta zauna a hanya. Basu faɗa mana tun farko cewa a sa takalmi mai kama ƙasa ba, wasu da silifas suka zo, a kan wannan dutse mai zamewa kuwa haɗari ne. Dattijon, wanda shi ne mai ilimin gaske, Sifaniyanci kawai yake ji kuma irin na ƙauyen Andalusiya mai haɗiye ƙarshen kalma, ɗan yana fassarawa da Turanci amma yana taƙaitawa, baba ya yi bayani mai tsawo shi ya bada jimla biyu, na ji haushin wannan sosai don na san akwai abin da ya wuce mu. Banɗaki ɗaya ne kuma ruwa a ƙididdige yake, in zaka yi alwala ka taho da gorarka. Kuɗi kuma a hannu suke karɓa, babu na'urar kati.

Zabibin da na saya na gwada shi a gida gefe da gefe da na babban kanti, irin ƙananan nan marasa ƙwallo da ake kawowa daga Turkiyya da Kalifoniya da Iran. Ba ma abu ɗaya bane. Na kantin yawanci irin Sultana ne, da yawa ana tsoma su a ruwan sinadari da mai don su bushe da sauri, masu ruwan gwal ɗin kuma da hayaƙin farar wuta ake riƙe launinsu, sannan a shafa musu mai don kar su manne, zaƙinsu tsaye yake ba wani abu a bayansa. Na Malaga ƙwaya ɗaya ta kai uku ko huɗu na wancan, baƙi ne, da nama, a taushe ba a ƙandare ba, in ka tsaga cikin yana sheƙi, ƙamshin furen nan kuma bai mutu ba sai ma ya ƙara nauyi ya haɗu da ɗanɗanon zuma da aka dafa. Ƙwallon yana nan, wasu suna taunewa, ni tofarwa nake. Saboda ƙwallon bai dace da kek ko dambu ko shinkafar biki ba sai in zaka zauna ka cire, kuma ni a ganina asara ce ma a dafa shi, a ci shi haka da shayi ko da gyaɗa ko a buɗe baki da shi tare da dabino. Yara ƙanana a cire musu ƙwallon da tsinken tukuna. Tunda yana da sauran danshi, in ka buɗe kwalin ka juye a kwalba mai murfi ka sa a firij, in ya daɗe zaka ga fari-fari a jiki, yawanci sugan ne ya fito, ka shinshina in ba warin funfuna lafiyarsa lau. Kuɗinsa ya ninka na kanti, ba musu, amma in ka saya a hannun manomin ya fi araha a kan shagunan 'yan yawon buɗe ido na cikin Malaga, in kuma a shago zaka saya ka duba tambarin Pasas de Malaga a jikin kwalin.

Wani abu da ya tsaya min a rai, a hanyar saukowa duk kwarin fiya ne da mangwaro, kore shar, saboda sun fi kawo kuɗi mutane da yawa sun tumɓuke inabi sun dasa su, su kuma shan ruwa ne da su, a lokacin farin da aka yi a 2023 dam ɗin La Viñuela da yake shayar da yankin ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, aka datse ruwan noma, wasu suka sare bishiyoyinsu. Inabin kan tudu da ba a taɓa ba shi ruwan dam ba shi ma ya ji jiki, amfanin ya ragu, amma yana nan tsaye. Matsalarsa masu yi ne, yawancin waɗanda muka gani a gonaki dattawa ne, matasa sun gangara bakin teku aikin otal.

'Yan uwa masu noman inabi a wajen Kudan da Hunkuyi da kewayen Zariya sun tambaye ni ko wannan irin zai yi a gida. Zafi dai muna da shi har ya yi yawa, ranar shanya ma muna da ita, amma lissafin a juye yake, su ruwansu da sanyi yake zuwa lokacin itacen yana barci ba ganye, mu namu da zafi yake zuwa kuma a Zariya ya kusa ninka nasu, wato daidai yanayin da funfuna take so, shi kuma Moscatel nan ne rauninsa. Sannan mu bamu da sanyin da zai sa itacen ya kwanta da kansa, sai an tilasta masa da datsa. Hanyar da manoman Indiya suke bi a Nashik ita tafi kusa da tamu, datsa biyu a shekara, ɗaya a Afrilu don ya yi sabbin rassa, ɗaya a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke don 'ya'yan su nuna a rani, kuma dole da ban ruwa, salon barinsa a ƙasa ba waya ba ruwa na Axarquia ba zai yi mana ba, da damina ganyen da yake kwance a ƙasa ruɓewa zai yi. In ƙamshin Muskat kake nema, ɗansa baƙin nan na Hamburg ya riga ya nuna yana iya ƙasa mai zafi, shi ake nomawa a kwarin Cumbum na jihar Tamil Nadu, da ni ne da shi zan fara, layi ɗaya ko biyu a gefen gona a ga halinsa kafin a zuba jari, a kuma rage ruwa in 'ya'yan sun fara laushi. Kar wanda ya shuka ƙwallon zabibin yana jiran Moscatel, abin da zai fito daban ne, da reshe ko aure ake yaɗa shi, kuma sai shekara ta uku zaka fara yankan kirki. Kuma don Allah kar a ce wani ya ɓoyo reshe a jaka, haka filoksera ta shiga ƙasashe, a nemi dashe daga gidan renon da yake bada takardar lafiyar tsiro, a kuma karɓi izinin hukumar NAQS, mai sa ido kan shigo da tsirrai Najeriya, kafin kayan su taso.

Maki na, ziyara huɗu cikin biyar saboda lattin farawa da ƙarancin fassara, zabibi biyar cikin biyar. In zaku je ku nemi zagayen farko na safe, ku tambaya ko an fara shimfiɗa a paseros kafin ku biya domin kakar tana matsawa gaba ko baya gwargwadon zafin shekarar, ku tafi da hula da ruwa da tsabar kuɗi, in da hali kuma da wanda yake jin Sifaniyanci sosai.